Ɗanki Yana Son Zama Hafsan Soja? Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 

A wannan watan za mu leƙa yammacin Jihar Kano ne, wato ƙasar Karaye da Rogo, domin mu tattauna a kan wata tambaya da ke hana iyaye mata da dama barci. Yaro ya kai aji biyar ko shida na sakandare, wata rana ya zauna kusa da ke ya ce, "Umma, ni fa NDA nake so in tafi." Nan take sai zuciyarki ta rabu biyu. Ɗaya tana murna da yaro ya san abin da yake so, ɗayar kuma tana cewa, anya kuwa ɗan talaka, ɗan karkara, wanda ba shi da kawu janar ko baffa sanata zai samu shiga wannan wuri?

Amsar a taƙaice ita ce, zai iya samu. Sai dai ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma yawancin abubuwan da kan sa a ɗauki yaro ko a ce ya koma gida, tun yana hannunki ake gina su, shekaru kafin ranar cika fom.

Ba abin mamaki ba ne yaran wannan yanki su taso da sha'awar kaki. A Kusalla ta Karaye ne sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, kuma duk lokacin da aka buɗe shi, yara suna ganin sojoji suna koya wa masu digiri fareti. Ga shi kuma karatu ya yi tsada, aiki ya yi wuya. Makarantar da za ta ciyar da yaro, ta tufatar da shi, ta ba shi digiri, sannan ya fito da aiki a hannu, dole ta ja hankalin kowa.

Wace makaranta ce wannan?

NDA ita ce Makarantar Horar da Hafsoshin Sojan Nijeriya da ke Kaduna. An kafa ta a watan Fabrairu na 1964. Kafin nan, yawancin hafsoshinmu a ƙasashen waje ake ƙarasa horar da su. Marigayi Janar Murtala Muhammad, alal misali, a Sandhurst ta ƙasar Ingila ya samu nasa horon. Hafsoshin ƙasar Indiya ne suka taimaka aka ɗora harsashin makarantar, kuma daga 1985 ta fara bayar da digiri kamar kowace jami'a. Mazauninta na dindindin yana Afaka, a gefen garin Kaduna. Tana horar da hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Wanda zai zama sojan ƙasa shekara biyar yake yi, huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ɗaya kuma ta zallar aikin soja, sannan a maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa. Laftanar Janar Abdurrahman Dambazau, ɗan Jihar Kano wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 2008 zuwa 2010, ta wannan ƙofa ya bi.

A nan ya kamata uwargida ta san bambancin hafsa da kurtu, domin ana yawan haɗa su. Kurtu shi ne wanda ake ɗauka a kai shi makarantar horar da kurata, irin ta Zariya, ya yi 'yan watanni ya fito farabiti, ya riƙa samun igiya yana hawa kofur, ya zama saje. Hafsa kuwa shi ne shugaba, shi ke ba da umarni, shi ke ɗaukar alhakin rayukan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Kowanne aiki ne na mutunci, amma fom ɗinsu daban, sharuɗɗansu daban. Ki tambayi ɗanki da kyau wanne yake nufi.

Yadda ake rabon gurabe

Kundin tsarin mulkin ƙasar nan na 1999, a sashe na 217, ya ce dole rundunar soja ta ƙunshi 'yan kowane ɓangare na Nijeriya. Saboda haka jiha-jiha ake fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, jihohi 36 da Abuja. Ma'anar wannan ita ce, ɗanki da 'yan uwansa 'yan Jihar Kano zai yi gasa, yaron Legas ko na Inugu ba zai cinye masa gurbi ba. Wannan albishir ne.

Amma ga ɗaya gefen. Dubban yara ne ke nema duk shekara, 'yan ɗaruruwa ake ɗauka. Idan kika raba 'yan ɗaruruwa gida 37, za ki ga abin da zai faɗo wa kowace jiha bai taka kara ya karya ba. Jihar Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta, ga yawan jama'a. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ba kowace ƙaramar hukuma ce za ta samu ko da mutum ɗaya a kowace shekara ba. Yaron da ya fito daga Zarewa ko Fulatan ko Tudun Kaya ko Turawa zai zauna jarrabawa ɗaya da yaron da ya yi kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu, da wanda ya yi makaranta mai tsada a cikin birni, da wanda ya taso a bariki ya san komai tun yana ƙarami.

Kada wannan ya karya miki gwiwa. Na faɗa ne don a san girman dutsen kafin a sa hannu. Kuma yaron karkara yana da nasa jarin. Wanda ya saba da noma da kiwo da tafiyar ƙasa zuwa makaranta, ya saba da rana da juriya, ba ya jin tsoron gudu ko wahalar horo. Inda aka fi kayar da yaranmu shi ne wajen takardu da jarrabawa da rashin samun labari a kan lokaci. Duk waɗannan kuwa abubuwa ne masu gyaruwa.

Sharuɗɗan da aka saba nema

Kowace shekara makarantar tana fitar da sanarwa, kuma abin da ta ƙunsa shi ne abin bi, domin akan ɗan sauya wasu abubuwa. Amma ga waɗanda aka daɗe a kansu.

Na farko, shekaru. An saba neman wanda ya kai 17 bai wuce 21 ba. Kin ga ke nan taga ce mai saurin rufewa. Yaron da aka makara wajen sa shi firamare, ko ya yi shekara biyu a zaune bayan sakandare yana jiran a samu kuɗin sake jarrabawa, kafin ya farga lokaci ya ƙure masa.

Na biyu, sakamakon sakandare. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, cikinsu dole akwai Turanci da Lissafi, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Sauran darussan su dace da fannin da yake son karantawa. Mai son injiniya sai da Fiziks da Kemistiri. Akwai kuma fannoni irin su tarihi da kimiyyar siyasa da labarin ƙasa da tattalin arziki ga wanda bai yi ajin kimiyya ba. Sanarwar makarantar ta sha ambata cewa sanin Larabci ko Faransanci ƙarin tagomashi ne, don haka karatun Islamiyyar da kike tura shi ma yana da rana a nan.

Na uku, jarrabawar JAMB. Dole ya zaɓi NDA a matsayin zaɓinsa na farko, sannan ya cika fom ɗin ita kanta makarantar a shafinta na intanet. Mutane da yawa suna yin ɗaya su bar ɗaya. A shekarun baya an sha sanya maki 180 a matsayin mafi ƙaranci ga yawancin fannoni, 210 kuma ga injiniya. Amma ki sani, wannan makin izinin shiga layi ne kawai. Wanda ke son ya tsere wa tsara sai ya wuce nan nesa.

Na huɗu, jiki. Ana auna tsayi, kuma an saba neman mita 1.68 ga namiji, na mace ya ɗan gaza haka. Ana son lafiyayye mai kyawun hali.

Na biyar, ya kasance ba shi da aure, ba shi da ɗa, kuma ba zai yi aure ba har ya gama. Iyayen da ke da niyyar yi wa yaro aure da zarar ya gama sakandare, sai su zaɓi ɗaya.

Wanda ya cika waɗannan zai zauna jarrabawar tantancewa ta makarantar. Idan ya ci, sai a kira shi Kaduna gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, inda zai yi kwanaki ana binciken takardunsa, likitoci su duba shi ciki da bai, a gwada ƙarfinsa, a kuma yi masa tambayoyi baki da baki. Daga nan ne ake fitar da sunayen waɗanda suka dace, da 'yan jiran ko-ta-kwana.

Aikin da ke hannunki, uwargida

Mu fara da takardu, domin nan ne abin takaici ya fi yawa. Sau da yawa za ki tarar takardar haihuwa ta ce an haifi yaro a wata shekara, ta firamare ta faɗi wata, katin ɗan ƙasa mai lambar NIN kuma ya zo da tasa daban. Ko kuma a wannan takarda sunansa Muhammad Sani, a waccan Sani Muhammad, a wata kuma an ƙara sunan gari. A wajenmu wannan ba komai ba ne, amma a gaban masu tantancewa ya isa a sallami yaro, ko da ya fi kowa maki. Tun yana aji uku ki sa mahaifinsa ko yayansa su tattara takardun nan a baje su a tabarma a karanta ɗaya bayan ɗaya. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake karɓarta. Takardar shaidar asali kuma daga sakatariyar ƙaramar hukumarku, Karaye ko Rogo, ake farawa, sannan a nemi ta jiha. A yi su tun babu gaggawa. Kuma don Allah a guji rage wa yaro shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma aikin da aka fara da ƙarya, kullum mai shi a tsorace yake.

Sai Lissafi da Turanci. Waɗannan biyun su ne shingen da ya tare yaranmu da yawa. Ko ba ki yi boko mai zurfi ba, kina iya tambayarsa, "Yau malamin Lissafi ya shigo?" Idan amsar kullum a'a ce, to a tashi tsaye. A yi magana a taron iyaye da malamai. A haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu a ɗauki malami ko ɗan bautar ƙasa ya riƙa yi wa yara darasin yamma, kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin adashin da za a kashe a anko biyu ya isa ya sayi littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawa ya kuma biya malami na wata da watanni.

Turancin ma ba na rubutu kaɗai ba ne. Yaro zai tsaya gaban manyan hafsoshi su yi masa tambaya ya amsa da bakinsa. Mun koya wa 'ya'yanmu sunkuyar da kai a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a can ana son wanda zai tsaya ƙyam, ya ɗaga murya a ji shi, ya faɗi sunansa da garinsu da dalilin zuwansa ba tare da rawar baki ba. Ladabi da ƙarfin zuciya ba sa faɗa da juna. Ki bar shi ya shiga muhawarar makaranta, ya riƙa sauraron labarai a rediyo da Hausa da Turanci, ya san sunayen jihohi da manyan biranensu da abin da ke faruwa a ƙasa.

Haka kuma kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin lokacinsa a kame-kame zai tafi, alhali ya san amsar. Ko sau ɗaya a mako ne, a samu shagon kwamfuta a cikin gari ya je ya saba hannu.

Sai lafiya. Likitocin soja sukan duba ido da kunne da ƙirji da jini, su duba ƙafa ko akwai gwame ko shimfiɗaɗɗen tafi, su duba ƙaba da tsohuwar karaya da ba ta ɗoru daidai ba. Kafin a kashe kuɗi da rai, a kai yaro babban asibiti a duba shi, a san rukunin jininsa, a san ko yana da sikila ko ciwon hanta. Abin da ke da magani a yi maganinsa da wuri. Wanda kuma ba ya gyaruwa, gara a sani tun yanzu a juya akalar yaro zuwa wani fannin, da a bari sai ya je Kaduna a gaya masa a gaban jama'a. Tsayi kuwa na Allah ne, amma abinci yana taimakawa a shekarun girma. Wake da gyaɗa da waken suya da ƙwai da nono da zogale, da kifin da ake kamawa a madatsar ruwan Challawa, duk a ƙofar gidanmu suke. Kada a kwashe su duka a kai kasuwa a bar yara da gayan tuwo.

Na ƙarshe a nan, kuma mafi girma, shi ne shaye-shaye. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin saboda yadda ya yi wa matasanmu illa, kuma har yau ƙwayoyi ba su bar unguwanninmu ba, birni da ƙauye. Gwajin jini da na fitsari ba ya jin roƙo. Ki san abokan ɗanki, ki san inda yake zuwa bayan sallar isha'i.

Hattara da 'yan "ina da hanya"

Duk lokacin da aka fara sayar da fom, sai wasu su ɓullo. Wani zai zo da kaki ko da hoton wani babban soja a wayarsa, ya ce an ba ogansa gurbi biyu, a kawo kuɗi kaza a sa sunan yaro. Wasu har takardar ɗauka ta jabu suke bugawa, wasu kuma su buɗe shafin bogi a Facebook da sunan makarantar. Da haka ake sa gida ya sayar da shanun huɗa, ko a jinginar da gonar gado, ko uwa ta fitar da ɗan kunnen zinarin da ta ajiye don auren 'yarta. A ƙarshe ba kuɗin, ba aikin, sai zaman doya da manja tsakanin dangi, domin galibi wani na jiki ne ya kawo mutumin.

Hukumomin soja sun sha yin gargaɗi cewa ba a sayar da gurbi. Abin da za ki biya sananne ne, wato kuɗin JAMB da kuɗin fom ta hanyar da aka bayyana a sanarwa, sai kuɗin mota da guzuri. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa, ki riƙe jakarki da kyau. Idan maigida ne ya fara karkata, ki lallashe shi cikin hikima ku nemi shawarar shugaban makarantar yaron ko wani tsohon soja mai mutunci a gari. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Idan 'ya mace ce fa?

Tun 2011 makarantar ta fara ɗaukar mata a wannan kwas, kuma an yaye su sun zama hafsoshi. Gurabensu sun fi na maza ƙaranci. Idan 'yarki ta zo da wannan magana, kada ki yi mata dariya ko tsawa. Ku zauna da mahaifinta ku duba lamarin ta kowace fuska: tsawon shekarun da za ta yi ba aure, yanayin horo da suturar aiki, da zaman nesa da gida. Kowane gida ya san abin da zai iya ɗauka. Akwai kuma wata hanyar, wato ta fara yin karatun likita ko jinya ko lauya, daga baya ta nemi shiga soja da digirinta.

Kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya

Tunda gurabe kaɗan ne, yaro mai ƙoƙari ma yana iya rasawa ba don ya gaza ba. Idan shekarunsa ba su wuce ba, ya sake nema baɗi, da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke dacewa. Amma kada ya zauna a gida yana jira. Ya canza zaɓinsa na JAMB zuwa Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko wata kwaleji ya ci gaba da karatu. Mai digiri yana da tasa ƙofar ta zama hafsa ta gajeren kwas. Akwai kuma makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda a Wudil, nan cikin Jihar Kano, ita ma digiri take bayarwa. Wadda kuma ɗanta yake firamare tukuna, ta san da Makarantar Soja ta Zariya da aka kafa tun 1954, wadda ke ɗaukar yara maza su yi sakandare a cikinta.

Ranar da sunaye suka fito babu nasa, ranar ce ya fi bukatarki. Kada ki ce masa ɗan wance ya samu kai ka kasa. Ki ba shi abinci, ki kwantar masa da hankali, ki nuna masa gobe ma rana ce.

Tambayar da za ki yi wa zuciyarki

Kafin ki sa albarka, ki san abin da kike sa wa albarka. Aikin soja ba kaki da fareti kaɗai ba ne. Tun 2009 sojojinmu suke fama a Arewa maso Gabas, ga kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna, kuma mutanen Rogo da ke iyaka da jihohin Katsina da Kaduna ba sai an ba su labarin halin da maƙwabta suka shiga ba. A watan Agusta na 2021 'yan bindiga sun kutsa har cikin ita NDA ɗin a Afaka, suka kashe hafsoshi biyu. Ƙananan hafsoshi su ne ke gaba a fagen daga. Akwai iyaye mata da yawa a ƙasar nan da aka kawo musu tuta a maimakon ɗa.

Saboda haka ki zaunar da shi ki tambaye shi dalilinsa. Idan don ya rama abin da wani ya yi masa ne, ko don a riƙa jin tsoronsa a gari, ko don yana ganin nan da nan zai yi kuɗi, to da sauran gyara. Bindiga a hannun mai fushi ko mai haɗama masifa ce ga al'umma. Idan kuwa kin ga yaro ne mai gaskiya da tausayi da riƙon amana, mai kare ƙannensa ba mai cin zalinsu ba, to irinsa ƙasar nan take nema, kuma idan mutanen kirki suka hana 'ya'yansu, wa zai tsare mu? Ku yi shawara da mahaifinsa, ku nemi zaɓin Allah, sannan ki bi shi da addu'a, wadda ita ce guzurin da ba ya ƙarewa.

A wannan makon, uwargida, ki fara da abu ɗaya mai sauƙi: ki buɗe akwati ki fito da takardun yaranki, babba da ƙarami, a duba suna da ranar haihuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri, Ya kare waɗanda ke bakin daga, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.